Filin da Makiyayi Ya Zaɓa

Tun hantsi Makiyayi yake aiki. Inji ne mai ƙafafu da yawa, yana rarrafe a ƙasan Gulbin Maje, yana auna laka, yana aika rahoto zuwa allon kwamfutar Injiniya Lantana. Mutanen birnin Sabuwar Gungu ne suka raɗa masa sunan, wai yana kiwon ruwa kamar shanu.

Kogi kuwa ba saniya ba ne. Duk damina yakan sauke yashi da laka a cikinsa, gindinsa ya yi ta tashi. A da, in ya cika sai ya fasa gefe ya sake hanya. Birni ya tare shi da ganuwar siminti. Shi yana tara laka, su suna ƙara ganuwa, har ruwan ya koma yana wucewa sama da rufin gidaje.

Ranar da ganuwar ta fara tsagewa, Makiyayi ya nuna mafita: a saki ruwan ta yamma, kan wani fili da ba gini ba shuka. Lantana ta duba hoton. Ƙasa ce shimfiɗe, sai kalgo da fasassun tukwane. Ta danna amincewa, birni ya tsira.

Da la'asar yayanta Sidi ya shigo, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Lantana, kin san inda kika tura ruwan nan?"

"Fili ne, Yaya. Injin ya ce ba kowa."

"Tsohuwar maƙabarta ce. Can muka kai Nafi'u."

Nafi'u ɗanta ne, ya rasu ko yaye shi ba a yi ba. Mata ba sa raka gawa, don haka daga zaure idonta ya rabu da 'yar tabarmar da aka naɗe shi. Kabari kuma ba suna, ba dutse, damina kaɗan ke baje shi. Kullum tana cewa wata rana za ta sa a nuna mata wurin.

Suka hau ganuwa. Jan ruwa ya shafe yamma gaba ɗaya, yana tafiya shiru.

"Nuna mini, Yaya."

Sidi ya ɗaga hannu ya nuna wani wuri. Ya ɗan matsar da shi dama. Sai ya sauke.

Allon hannunta ya yi ƙara. Makiyayi ya riga ya shiga sabuwar hanya, yana auna lakar da ta fara kwanciya. Ya ce nan gaba wurin zai yi kyau da gini.