Dankalin Kaka a Tuta Ta Biyar

A bayan garinmu akwai wani tudu da muke kira Tudun Gora. Ba shi da wani tsawo sosai. Amma hanyoyinsa suna da yawa, kuma duk kama suke da juna. Kowace shekara, idan ganyen bishiyoyi ya yi ja, a nan ake yin gasar neman tuta.

Ana rataye tutoci a cikin dajin da ke kan tudun, rabi fari rabi ruwan lemo. Sai a ba ka taswira da kamfas mai nuna arewa da ɗan katin roba. Ka nemo tutocinka ɗaya bayan ɗaya, ka danna katin a na'urar da ke jikin kowace. Wanda ya riga dawowa, kuma bai tsallake ko ɗaya ba, shi ya ci.

A bana Fumika ta shiga gasar yara tare da ƙaninta Gaku. Shekarunta goma sha ɗaya. Duk makarantarsu babu mai kamo ta a gudu. Ta san haka, kuma ba ta barin kowa ya manta.

Shi Gaku shekarunsa takwas. Yana sa tabarau, yana tafiya kamar mai ƙirga duwatsun hanya.

Ranar Lahadi da sassafe suka tarar da kakarsu a bakin ƙofa tana ɗaure takalmi. Ga sandarta a gefe.

Babansu ya ce, "Mama, da wannan gwiwar taki za ki hau tudu?"

Kaka ta harare shi. "Gwiwar tawa ce ko taka? Tun ba a haife ka ba nake hawan tudun nan. An ba ni gadin tuta ta biyar, kuma zan je."

Ta juyo wajen yaran. "Na gasa muku dankali biyu manya. Zan riƙe muku a can. Ba zan sauko ba sai kun wuce ta gabana."

Fumika ta ce, "Kaka, a ina tutar take? Ɗan raɗa mini a kunne."

"Ji 'yar wayo! Tambayi taswira. Kuma kada ki manta da abin da na koya muku."

Yaran suka haɗa baki, "Yatsa a kan taswira, ido a kan lamba!"

"Yawwa. Kowace tuta da lambarta. Ba duk tutar da ka gani ce taka ba."

Da suka isa gindin tudun, filin gasar ya cika maƙil. Iyaye sun shimfiɗa tabarmi. Mamansu tana cikin matan da ke juya katuwar tukunyar romo. A kan tebur an ajiye kwandon lemo, kyautar waɗanda suka zo na ɗaya.

Fumika ta nuna kwandon da baki. "Gaku, ka ga lemonmu?"

Malam Teramoto, malamin wasanni na makarantarsu, shi ne alƙalin gasa. Ya miƙa musu taswira mai tutoci shida, ya busa usur.

Kai, ranar an sha daɗi! Busasshen ganye yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Gaku yana riƙe da taswira, babban yatsansa a kan inda suke. In hanya ta karkata, sai ya juya taswirar ta fuskanci inda suka dosa. Fumika tana gaba da katin a hannu.

"Tuta ta ɗaya tana bayan bencin can!" in ji Gaku.

Fumika ta sheƙa. "Na gan ta!"

"Lamba nawa?"

"Talatin da ɗaya."

"Tamu ce. Danna!"

Na'ura ta yi ƙara, tit! Suka tafa hannu suna dariya.

Ta biyu tana gindin wata tsohuwar bishiya. Ta uku tana cikin wani ɗan rami, har Gaku ya zame ya zauna daɓas a kan ganye. Ya tashi da ganye a ka kamar hula. Ta huɗu kuwa tana bakin wata 'yar gadar katako. Har zuwa nan babu yaron da ya wuce su.

A bayan gadar hanya ta rabu biyu. Ta dama ta yi sama, ta hagu ta gangara cikin kurmin gora. Gaku ya tsaya yana juya taswira.

Sai ga wata budurwa mai shuɗiyar riga ta zo fuu, ta wuce su, ta bi hagu. Ko waiwaye ba ta yi ba.

Idon Fumika ya yi haske. "Ka ga waccan? 'Yar ƙungiyar neman tuta ta sakandare ce. Ta san tudun nan kamar tafin hannunta. Mu bi ta!"

"Yaya, taswira ta ce dama."

"Taswira ta taɓa cin gasa ne? Zo mu tafi, malam kunkuru!"

Ta fizgi hannunsa. Suka gangara a guje, suna bin shuɗiyar riga tsakanin itatuwan gora. Can sai ga tuta tana lilo. Budurwar ta danna katinta ta yi gaba. Fumika ma ta danna nata.

Tit!

"Ka ji ko? Ta biyar ke nan!"

Gaku yana haki, yana dube-dube. "To ina Kaka?"

"Ta gaji ta sauka mana. Ka san gwiwarta."

"Bari in duba lambar."

"Babu lokaci! Gudu!"

Tuta ta shida ba ta da wuyar samu, tana kusa da fili. Suka danna, suka shigo a guje. Mutane suka ɗau tafi. Su ne yara na farko da suka dawo. Fumika tana tsalle, har ta fara tunanin wa da wa za ta sam wa lemo.

Malam Teramoto ya karɓi katin ya sa a na'urarsa. 'Yar takarda ta fito. Ya karanta, ya gyara tabarau, ya sake karantawa.

"Fumika, tuta ta biyar lambarta talatin da biyar. Ke kuwa sittin da ɗaya kika danna. Wannan ta manya ce."

"Amma Malam, ta yi ƙara!"

"Kowa ya danna mata kati za ta yi ƙara. Ba aikinta ba ne ta karanta miki taswira. Kun yi gudu mai kyau, amma tutocinku ba su cika ba."

Fumika tana tsaye aka miƙa kwandon lemon ga wasu 'yan mata biyu da suka shigo bayansu da kusan minti goma. Kunya ta kama ta, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Gaku bai ce "ai na faɗa miki" ba. Ya ja hannun rigarta kawai.

"Yaya, Kaka tana can sama."

Nan take Fumika ta manta da lemo gaba ɗaya. Ta ɗaga kai ta dubi tudun. Iska ta fara kaɗawa da sanyi. Masu gadin sauran tutoci duk sun sauko, suna shan romo. Kaka ce kaɗai babu.

Malam Teramoto ya kira ta a waya. Ya saurara, ya yi murmushi, ya kashe.

"Ta ce ba za ta motsa ba. Wai akwai mutum biyu da ba su wuce ba tukuna."

Baba ya ajiye kwanonsa. "Na san za a rina. Bari in je in sauko da ita."

Fumika ta share hawaye da bayan hannu. "Baba, ni na jawo. Mu take jira. Ka bari mu je."

Ta rusuna wa Malam Teramoto. "Malam, a ara mana katin da taswirar, don girmanka."

Malam ya miƙa mata. "Babu kyauta fa."

"Na sani."

Ta juya ga ƙaninta. "Gaku, yi haƙuri da na ce maka kunkuru. Nuna mini yadda kake yi."

Gaku ya kama babban yatsanta ya ɗora a kan taswira. "Nan muke. In mun yi taku, yatsa ma ya yi taku."

Suka kama hanya, Baba yana bin su a baya. Da suka zo gadar katako, Fumika ta tsaya. Ta dubi kamfas, ta juya taswirar a hankali har gadar takarda ta daidaita da gadar gaske.

"Dama," in ji ta. "Sama, har zuwa wani babban dutse."

"Ashe kin iya," in ji Gaku.

Hawan da wuya. Amma sannu ba ta hana zuwa. Da suka zagaya babban dutsen, sai ga tuta. Ga Kaka a kan 'yar kujera, ta lulluɓe gwiwoyinta da bargo, hancinta ya yi ja don sanyi.

"Kaka!" Fumika ta ruga za ta rungume ta.

Kaka ta tare ta da sanda. "Tsaya nan, uwar gudu! Lamba?"

Fumika ta sunkuya ta duba da kyau. "Talatin da biyar."

"Taku ce?"

Ta dubi taswira. "Tamu ce."

"To danna."

Tit!

Sai a lokacin Kaka ta buɗe hannuwa. Yaran suka faɗa jikinta. Ta zura hannu cikin rigar sanyinta, ta fito da dankali biyu a naɗe cikin jarida. A jikinta ta ɓoye su tun safe don kada su huce.

"Da sauran ɗumi!" in ji Gaku, bakinsa cike.

Fumika ta ba ta labarin shuɗiyar riga, kanta a ƙasa. Kaka ta saurara har ƙarshe.

"Ita yarinyar, ta ɓata ne?"

"A'a. An ce ita ta zo ta biyu a gasar manya."

"To kin gani. Ita tana kan hanyarta. Ke ce kika bar taki."

Fumika ta raba dankalinta biyu, ta miƙa wa Kaka rabin da ya fi girma.

Suka sauko tare, Kaka a tsakiya, Fumika ta riƙe mata hannu, Baba yana ɗauke da kujera. Kaka ta hana kowa sauri. Su ne na ƙarshe da suka shigo fili, amma tafin da aka yi musu ya fi na farko. Mama ta zuba musu romo mai zafi. 'Yan matan da suka ci gasa suka kawo wa Kaka lemo uku.

Malam Teramoto ya sake sa katin a na'ura. Ya miƙa wa Fumika takardar yana dariya. "Awa uku da minti biyar. Ban taɓa ganin masu jinkiri irinku ba. Amma ga talatin da biyar nan a ciki."

Takardar tana nan har yau, manne a jikin firjin gidansu.

Yara, kada ku bi mutum don kawai kun ga yana sauri. Wataƙila inda za shi daban, inda za ku daban. Ku duba taku hanyar, ku saurari wanda ya sani ko da ƙaninku ne, domin akwai mai jiran ku a can.