Ofishin Auta a Shagon Baba

"Mayar da makullinka aljihu, don Allah," Auta ta ce a hankali. "Ba zan iya karɓa ba."

Injiniya ya tsaya yana kallonta, makullin na reto a yatsansa. Tun suna makaranta suke son juna, shi ne kuma ya sha yawon gari har ya samo mata ofis a saman wani sabon bene mai gilasai, wurin da ya dace da sana'arta ta tsara adon cikin gidaje.

"Ko ganinsa ba ki yi ba fa, Mai Launi..."

"Na san zai yi kyau. Nisa ya yi min."

"Nisa da wa?"

"Ka sani."

Ya sani. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, Auta ba ta yin nisa da gida. Yayyenta duk sun watse da iyalansu, Umma kuma ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai. Shagon da Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran kujeru a ciki, wanda ke jikin gidan, a rufe yake tun ranar da ya faɗi. Nan take so ta buɗe ofishinta.

"An ɗaga bikinmu, na yi shiru. An sake ɗagawa, na ce lafiyar Baba ce gaba," Injiniya ya ce. "Yanzu aikin naki ma za ki kulle shi a shagon da ɓeraye suka gaje. Ni ina matsayina a rayuwarki?"

"Kai ne zuciyata, ka sani... amma shi ubana ne."

Ya mayar da makullin aljihu. Ya shiga mota ya ja, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa har hawaye suka hana ta ganin titi.

A cikin gida ma ba ta samu sauƙi ba. Baba ya ji komai ta taga.

"Uwata," ya kira ta, da sunan da yake kiranta tun tana goye, maganarsa na fita da ƙyar. "Bi yaron nan. Ba na so ki tsufa a gindin gadona."

"Ni ba gadonka na zo nema ba, Baba, shagonka nake so. Za ka ba ni ko sai na kai ƙara wurin Umma?"

Ya juya fuska ga bango. "Wannan kangon? Ɗauki. Ni dai ba zan sake taka shi ba."

Washegari ta ɗaura ɗankwali, ta buɗe ƙofar shagon. Warin tsohon soso da gam ya tarbe ta. Ta fitar da karyayyun kujeru, ta share yanar gizo, ta kankare bango har hannuwanta suka yi kanta. Ta sa aka faɗaɗa tagar da rana ba ta dukanta kai tsaye, don launin yadi ya riƙa fitowa yadda yake. Bango ta shafe shi da farin fenti. A gefe guda ta kafa babban allo, ta manna samfurin yadin labule, guntayen tayil da katunan launi. Kantocin Baba ta goge su, ta jera littattafan zane a kai.

Aiki ya yi kyau, amma duk ƙusar da ta buga sai ta ɗauki waya ta duba. Babu kira, babu saƙo.

Ranar da ta jona kwamfutarta ne soket ɗin ya yi tartsatsi, baƙin hayaƙi ya lashi farin bangon. Ta yi tsalle ta ja da baya. Umma ta leƙo da sauri.

"Kira shi mana. Ba aikinsa ba ne wutar?"

"Ba zan kira wanda ya tafi ya bar ni ba."

"To, zauna da taurin kanki. Ni surukina zan kira, ban san da wani faɗa ba."

Kafin rana ta karkata sai ga shi da jakar kayan aiki. Ya gaishe da Umma har ƙasa, ya wuce Auta kamar bai gan ta ba. Ya kashe wutar shagon, ya shiga zare tsofaffin wayoyi daga bango. Ita kuma ta koma gefe tana jera almakashi da tef ɗin awo, abin da ta riga ta jera tun safe.

Da ya zo auna inda fitila za ta sauka a kan babban teburin zane, sai ya dakata.

"Wa ya yi miki teburin nan? Gefe ɗaya ya fi ɗaya gajarta."

"Ni na ce a yi shi haka."

"A tsugune za ki riƙa zane?"

"Wancan gefen nawa ne. Wannan..." ta dafa gajeren gefen, "tsayin keken da ake tura Baba a kai ne. Don gwiwoyinsa su shige ƙasa."

Sai a lokacin ya ɗaga kai ya dubi ɗakin sosai. Ƙofar da ke shiga cikin gida an faɗaɗa ta. An fasa dandamalin bakinta, an yi gangare mai laushi. Babu kafet ko ɗaya da zai riƙe taya. Yadudduka duk an rataye su ƙasa-ƙasa, ta ɓangaren dama, hannun Baba mai lafiya.

Ya ajiye tef ɗin a hankali.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ka tsaya ka ji ne?"

"Na ɗauka kina gudun rayuwar da za mu yi ne... Ashe mutum kike son tayarwa." Ya matso kusa. "Ki yafe min, hasken idona. Kishi na yi da mara lafiya, kunya ma nake ji."

Ta yi dariya cikin kuka. "Sai ka gyara min bangona da wutarka ta ɓata."

"Wutata? Wayoyin nan sun girme ni."

Ya sauko da makunnan fitilu zuwa inda mai zaune zai kai hannu, ya sa farar fitila mai haske irin na rana a kan teburin. Da aka gama, shi da kansa ya shiga ɗakin Baba.

"Baba, ina so ka duba min wani aiki. Ba na yarda da idon 'yarka."

Kafin tsohon ya samu bakin ƙi, Injiniya ya tura keken. Tayoyin suka gangara cikin shagon ba tare da sun ci karo da komai ba. Baba ya ƙare wa ɗakin kallo. Ya shafa teburin, ya miƙa hannu ya kamo wani yadi mai kauri, ya murza shi tsakanin yatsunsa. Umma ta rufe bakinta da mayafi.

"Wannan na kujerar falo ne," ya ce. "Uwata, ina almakashina?"

Daga ranar, da safe tare suke fitowa aiki. Ita tana zane, shi yana zaɓen yadi yana yi mata gardama.

Baƙuwarsu ta farko wata likita ce da ta shigo neman labule kawai. Ta ga yadda Baba ke zagaya ɗakin shi kaɗai, sai ta zauna, idonta ya ciko.

"Mahaifiyata ma a keke take. Ta daina fitowa daga ɗakinta. Za ki iya yi wa gidanmu duka irin wannan?"

Auta ta iya. Likitar ta gaya wa wasu, wasu suka gaya wa wasu, har allon bango ya rasa wurin manna sabon aiki.

Wata rana da yamma Injiniya ya shigo yana murmushi, ya ce ya kama musu gida a ƙarshen layin, tafiyar ƙafa daga shagon. Baba ya ajiye yadin da ke hannunsa.

"To me ake jira? Watan gobe za a ɗaura auren nan, kuma ba a ɗaki za a bar ni ba."

Haka aka yi. Baba yana sahun gaba, cikin sababbin kaya, yana amsa gaisuwa da hannunsa na dama.

Da suka shiga sabon gidansu, Auta ta tsaya a tsakiyar falo tana kallon bango, ta ɗan karkata kai. Injiniya ya dafe goshi.

"Amarya, ko hutawa ba za ki yi ba?"

"Wa ya zaɓi wannan fentin?"

"Ni ne... don in burge ki."

Ta kama hannunsa, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa.

"Ka burge ni, mijina. Amma gobe za mu sake shi."