Taken da Wisdom Ya Yanke

Ranar Laraba, dab da magariba, Wisdom ya kafe babur ɗinsa a ƙofar wani ɗakin ɗaukar waƙa a unguwar Fadikpe, jita rataye a bayansa. Waƙa ɗaya ta rage masa ya kammala faifansa na uku.

Mutumin Sapele ne, can Kudu, amma shekararsa goma sha huɗu a Minna. Ya fara da rera waƙoƙin bulus, salon baƙaƙen Amurka, a wuraren shan iska, shi kaɗai da jitar katako wadda ba ruwanta da lantarki. Faifansa na farko bai je ko'ina ba. Na biyu ya kai shi Legas har sau biyu, don ya soma cusa tsofaffin kiɗe-kiɗen da yake tsinta a hannun dattawa.

A irin wannan yawon ya samo wani take a unguwar Sauka Kahuta, wurin Baba Dawuda, tsohon makaɗin garaya da ya yi wa 'yan bori kiɗa kafin ya bari ya koma sayar da gawayi. Rabin taken na farko mai zafi ne, yana sa ƙafa motsi. Rabi na biyu a hankali yake tafiya, kamar tsoho yana saukowa daga dutse.

"Na farko kira ne, na biyu sallama," in ji tsohon. "Taken yana da mai shi. Da tsirkiya kaɗai ba ya ji, sai an haɗa da ƙwarya. In ka kira, ka sallama."

Wisdom ya ce to. Da ya auna a gida, ya tarar duka biyun sun kai minti tara. Babu gidan rediyon da zai saka waƙa mai minti tara. Ya yanke sallamar, ya ɗora baitocinsa a kan kiran.

A cikin ɗakin ya iske Ya'u, mai yi masa kiɗan ƙwarya shekara shida ke nan. Bafulatani ne siriri, da rana yana dillancin shanu a kara. Ya riga ya kifa ƙwaryarsa a kan bargo, ya zura zobba a yatsu. Wisdom bai gaya masa inda ya samo taken ba.

"Ɗan Kudu, ka makara. Bari in yi salla tukuna."

"Haba Fillo, minti hudu ne kawai. Wuta ya tafi, batir zai mutu."

"Minti huɗunka ai na san shi. Da shi aka yaye ɗana."

Duk da haka ya zauna. Ɗakin ba taga. An lulluɓe bangon da kwalin ƙwai don kada ƙarar waje ta shigo, ko ta ciki ta fita. Fitilar caji ɗaya ce a kan tebur, kusa da kwamfuta.

A ɗauka ta farko Wisdom ya yi tari. Ya ce a sake. A ta biyu tsirkiya ta yi zizi. A ta uku bai ji daɗin muryarsa ba. Haka yake aiki tun asali, ba ya barin aibi ko ƙanƙani, kuma kullum daga farko ake komawa.

A ta huɗu wani ƙauri ya cika ɗakin, irin na gashin akuya in ana babbaka.

"Mai suya ya fara wuta," in ji Wisdom.

"Babu mai suya a layin nan," in ji Ya'u a hankali.

A ta biyar Wisdom ya ji numfashi a abin sauraron da ke kunnensa. Ya riƙe nasa. Numfashin ya ci gaba. Ya ce wa kansa waya ce ta sami matsala.

A ta shida Ya'u ya daina magana.

Ta bakwai ta fita tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Wisdom ya ɗaga hannu, alamar an gama.

Ƙwaryar ba ta tsaya ba.

"Ya isa, Fillo. Mun samu."

Ya'u ya ƙara sauri. Idanunsa a buɗe, ba sa ƙiftawa. Zobban suka nutse cikin naman yatsunsa, jini ya fara fantsama kan kwalin ƙwai. Wani abu ya ce ƙas, kamar an karya busasshen kara. Yatsa ne. Hannun bai rage gudu ba.

Ƙwaryar ta tsage biyu. Ya ci gaba da dukan gutsattsarinta har suka zama tsinke a tafinsa.

Sai ya ɗago kai. Muryar da ta fito daga bakinsa ta tsoho ce, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Ga ni. Wa ya kira?"

Wisdom ya zabura ya nufi ƙofa. Bai kai ba. Ya'u, wanda buhun gero ke gagararsa, ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya maka da bango. Haƙarƙari ya amsa. Fitilar ta faɗi tana haska rufi.

Wisdom ya yi ihu. Bangon ya shanye ihun.

Ya'u ya durƙusa a kansa, ya kama hannunsa na hagu, ya zaɓi ƙaramin yatsa, ya lanƙwasa shi baya har ya karye. Ya zaɓi na kusa da shi.

"Ka kira ni ka bar ni tsaye."

Ƙas.

Ya sake shi. Ya juya, ya dafa ƙasa, ya buga goshinsa da siminti. Ya sake bugawa, daidai da bugun taken. Kowane bugu yana barin sabon tabo.

Wisdom ya gane Ya'u ba zai kai bugu ashirin ba.

Ya ja ciki zuwa jitar. Yatsu biyu suka rage masa na danna tsirkiya. Ya lalubi sallamar, wadda bai taɓa damuwa ya koya ba. Ya fara.

Goshin ya tsaya a sama.

Wisdom ya kuskure.

Dum.

Ya koma. Tsirkiya ta jiƙe, yatsunsa suna zamewa.

Dum.

Ya rufe ido, ya tuno hannun Baba Dawuda, ya rage sauri. Ya ƙara ragewa. Ya sauko da taken mataki-mataki har ƙasa.

Ya'u ya yi atishawa sau uku, ya kife.

A asibiti an yanke masa yatsu uku, aka yi masa ɗinki goma sha tara a goshi. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko an yi magariba. Wisdom bai iya kallonsa ba.

Ranar Asabar da hantsi ya je Sauka Kahuta da hannu a ɗaure. Baba Dawuda yana auna gawayi, jikokinsa suna wasa a tsakar gida. Ya saurari labarin bai katse shi ba.

"Allah ya rufa asiri, tunda ka sallame shi," in ji shi. "Sau ɗaya dai ka kaɗa kiran ko?"

"A'a, Baba. Sau bakwai. Haka ake daukan waka, sai ya yi kyau."

Tsohon ya ajiye kwanon awo.

"Sallamar fa?"

"Sau daya."

Baba Dawuda ya dubi bayan kafaɗar Wisdom, idonsa yana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama. Ya kira 'yarsa Sakinatu, ya ce ta kwashe yaran ta ƙofar baya, kada su tsaya neman takalmi. Sannan ya miƙa hannu saman rumfa, ya sauko da garayar.

"Zauna, ɗana," in ji shi cikin raɗa. "Kada ka waiwaya."