Matar da Ta Mutu a Hannun Likita Zayyanu

Shekara ashirin da ɗaya Likita Zayyanu ya yi yana tiyata a Bagudo. An neme shi Sakkwato, an neme shi Abuja, ya ƙi tafiya, don daga Kurgu har ƙauyukan da ke tsallaken iyakar Benin, shi kaɗai ake kawo wa wanda ke buƙatar wuƙa.

Ran wata Talata, gab da magariba, yana alwala a tsakar gida, dutse ya faɗo a kan kwano. Sai na biyu. Ya leƙa waje, ba kowa. Washegari ma haka. A rana ta huɗu aka ji mace na kuka a ɗakin girki, alhali matarsa Mariyamu na kan sallaya. A ta bakwai, ɗiyarsu Rahma, 'yar shekara sha shida, ta saki faranti a ƙasa, ta zura wa ubanta ido, ta ce da wata tsohuwar murya: “Ina ka kai ta?”

Ya auna ta, ya ɗebi jininta aka gwada, bai ga komai ba. Mariyamu ta ce, “Likita, wannan ba na allura ba ne.” Ta aika garin Matsinkai aka ɗauko Malam Bunyaminu, dattijo mai ƙarancin magana.

Bayan la'asar Malam ya fara karatu. Rana na faɗuwa Rahma ta sandare.

“Wace ce ke? Mi kike so?” in ji Malam.

“Abokiyar Dela ce ni. Tun tana goye nake tare da ita. Da rai aka shigar masa da ita, ya fito da gawa.”

Zayyanu bai manta Dela ba. Wata bakwai ke nan da aka kawo ta a kan babur daga cikin Benin, bayan kwana uku tana naƙuda. Ya ciro ɗiya da rai. Jini ya ƙi tsayawa, har nasa ya sa aka ɗiba aka ƙara mata, bai isa ba.

Muryar ta ce, “Sai ya rantse ba zai sake riƙe wuƙa ba, sannan in sakar masa yarinya.”

“Ba ki da wannan ikon,” Malam ya ce.

Zayyanu ya durƙusa. Har ya buɗe baki zai rantse, sai ya tuna mutum ukun da ke jiran ya yi musu tiyata gobe. “Ba zan iya ba,” ya ce. “Roƙi wani abu, don Allah.”

Muryar ta sassauto.

“Bismillar da kuka yi a bakin ƙofar ɗakin tiyata ta hana ni shiga. Dela ta yi magana kafin ta cika?”

Ta yi. Ta riƙe masa hannu ta faɗi wasu kalmomi da harshen Dendi. Bai gane ba, bai kuma taɓa iya tambayar kowa ba, don ya ɗauka baki ta yi masa. Amma kalmomin ba su bar kunnensa ba. Ya maimaita su kamar yadda ya ji.

Hawaye ya gangaro daga idon Rahma.

“Cewa ta yi, ‘Ka gaji, bawan Allah. Bari haka nan, je ka ga 'ya'yanka.’” Muryar ta karye. “Kai ta tausaya wa. Ni ko sunana ba ta kira ba.”

Malam ya sa aljanar ta yi alkawarin ba za ta dawo ba, ta yi ba gardama. Rahma ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta.

Da ta farka, sai ta ga ubanta a ƙasa, ya kife fuska a gwiwa, kafaɗunsa na rawa.

“Baba, wa ya mutu?”

Mariyamu ta ja kanta ta kwantar a ƙirji. “Ƙyale shi, ɗiyata. Bari ya gama.”