Nahiya a Bayan Ɗaki

A wani gari, a can da, an yi wata uwa da tarin laka ya hana ta sukuni kwana da kwanaki. A bayan ɗakinta yake, kullum ta leƙa sai ta ga ya ƙaru: nan tudu, can rami, gefe kuma ga yashi. Ta ce a ranta, "Gara ce. In na ƙyale, sai ta cinye mini rumbu."

Ran nan ta ɗauko madaɓi, ta yayyafa ruwa, ta daɓe wurin sumul.

Da yamma 'yarta Tasalla ta dawo daga makaranta, ta zagaya baya, sai ihu.

"Inna! Ina nahiyata?"

"Nahiya kuma? A bayan ɗaki?"

"Malam ne ya sa mu gina! Nan duwatsu suke, nan hamada, nan dogon kwarin da ya tsaga ƙasa. Gobe zai zo dubawa!"

Uwar ta dubi wurin, ta dubi 'yarta. Ita dai suri ta gani. Ashe duwatsu ta rushe, ashe kwari ta cike!

Tasalla ta share hawaye ta ce, "Wallahi Lantana ce, 'yar ajinmu. Tata ba ta kai tawa kyau ba. Bari in je gidansu!"

Ga yarinya ta nufi ƙofa, ga madaɓi a hannun uwa, ta ɓoye shi a bayanta, lakar ko bushewa ba ta yi ba. To, 'ya'yana, ku gaya mini, me uwar za ta yi?