Muryar da Ta Fara Shiga Lasifika

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Zuru ya san mutumin nan mai yawo da makirfo, wayarsa a yanke tana jan ƙasa. 'Yan acaɓa kan tsokane shi su ce ya ja musu waƙa. Ni dai ban taɓa iya yin dariyar ba, domin na san Ishaya tun yana da hankalinsa, na kuma san matarsa. Labarin nan daga bakinsa ya fito. Shi yake ba da shi ga duk wanda ya tsaya, har da wanda bai tsaya ba.

Sana'ar Ishaya shirya wasa ce. Zai ɗauko mawaƙi, ya kama filin makaranta ya kewaye shi da zana, ya yi hayar janareta da lasifika, ya manna fosta a tasha da bakin bariki, sannan ya tsaya a ƙofa yana jiran masu sayen tikiti. Jiran ya fi komai yawa. Mutanenmu na son kiɗa kamar me, amma sun fi jin daɗinsa daga kan mangwaron da ke bayan zana.

Abu ɗaya yake da shi wanda ya fi na kowa, wato matarsa Keziah, mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinsu. Kafin a fara kowane wasa ita take gwada makirfo. Wasu "halo, halo" suke cewa, ita kuwa sai ta rera baiti guda, 'yarsu Leah na riƙe da zaninta. Ishaya yakan tsaya da waya a hannu ya manta abin da yake haɗawa. Ya sha gaya mini cewa ko ba a sayi tikiti ba, in ya ji wannan baitin ya ci riba.

A farkon shekarar 2004 ya shirya wani wasa da ya zuba duk ƙarfinsa a ciki. Kujeru suka wuni babu kowa sai awaki. Mawaƙin da ya ɗauko ya dubi filin, ya dubi Ishaya, ya juya kiɗa ya shiga yi masa zambo da lasifikar da shi Ishayan ya yi haya. Kafin mako ya zagayo gari duk ya haddace. A nan zuciyarsa ta ƙeƙashe. Da wani direba ya raɗa masa labarin wani tsoho a bayan Sakaba, bai yi shawara da kowa ba, ya sa makirfonsa a jaka ya ce wa Keziah zai je neman mawaƙi.

Da rana tsaka ya isa. Bukka ce a gindin dutse, kuma abin da ya fara lura da shi shiru ne. Babu kukan tsuntsu, babu na kaza, ga kaji kuwa suna ta kiwo. A ciki an rataye busassun harsunan dabbobi a jikin zare, ga ganguna a jere duk an cire musu fata. A tsakiya akwai wani baƙin tulu da aka ɗaure bakinsa da jan ƙyalle. Tsohon na zaune a bayansa, bai ɗago kai ba.

"Mi kaka so?"

"Jama'a, Baba. Ina so in na buga wasa a rasa wurin tsayawa."

"Abu mai sauƙi. Kawo abin maganarka."

Ya karɓi makirfon, ya kwance bakin tulun ya tura shi ciki. Ya jawo baƙin zakara ya yanka. Zakaran ya buɗe baki yana shure-shure, amma ko ƙis bai yi ba. Jinin ya gangara cikin tulun. Tsohon ya ce wa Ishaya ya kara kunnensa, ya kara, sai ya ji tafi da sowa na dubban mutane suna tasowa daga can ƙasa. Hawaye suka zubo masa don daɗi.

"Me zan biya?"

"Ba mu cin kuɗi nan. Duk ranar wasa, muryar da ta fara shiga abin ga tamu ce."

"Taku kamar yaya? Mutum zai mutu?"

"Murya na ce maka."

"To in na sa kaset ya fara?"

Tsohon ya yi murmushi, sai a lokacin ya dube shi. "Mai rai, yaro. In ba ka iyawa, aje shi ka tahi, ba a tilasta kowa ba."

Ishaya ya ce ya yi tunanin Keziah a wannan lokacin. Ya yi tunanin, sannan ya ce wa kansa ai abin da sauƙi, hana ta gwaji kawai zai yi. Ya ɗauki makirfon, jinin bai gama bushewa ba.

Wasan Ista shi ne na farko. Tun kafin a ta da janareta mutane suka fara kwararowa, daga bariki, daga Dirin Daji, daga ƙauyukan kan tudu, har masu hawa mangwaro suka sauko suka sayi tikiti. Keziah ta miƙo hannu kamar kullum, ya janye makirfon ya ba Lukuman, mawaƙin da ya ɗauko daga Yauri. Lukuman ya yi waƙa kamar ba zai sake ba. Bai kuwa sake ba. Muryarsa ta dishe, aka ce sanyi ne, ta ɗauke gaba ɗaya, ya rame ya ƙare, aka binne shi kafin a gama shuka.

Ishaya ya je ta'aziyya ya dawo ya manna fosta sabuwa. Damina ba ta hana wasansa cika ba, mutane cikin ruwa suke tsayawa. Ya sayi janaretansa, ya sayi manyan lasifika, ya sayi mota, ya gina gida mai shago a gefe. Masu rera zambonsa suka koma kiransa Oga. A bayan kowane wasa kuwa akwai wani gida da ake jinya, wata mawaƙiya ta haukace tana yawo tana motsa baki, wani mai gabatarwa ya kwanta bai tashi ba. Da kaka ta yi, kawunsa Philip, tsohon sojan da ya riƙe shi tun yana maraya, ya ce shi zai buɗe taro da addu'a, tunda shi ne babba. Ishaya ya yi inda-inda, ya dubi jama'ar da ke jira, ya miƙa masa. A sabuwar motar aka kai gawarsa ƙauye.

Keziah ba ta san komai ba. Abin da ta sani shi ne mijinta ya daina son jin muryarta. Wata rana tana ninke masa kaya ta ce, "Baban Leah, na yi maka laifi ne? Da ba ka fara wasa sai na rera. Ko yanzu da ka yi kuɗi muryata ta zama ta ƙauye?"

"Ba haka ba ne, Maman Leah. Matar Oga ba ta gwajin makirfo."

"Ni ban auri Oga ba," ta ce, ta ci gaba da ninkin. Daga ranar ko a gida ta rage waƙa, kuma hakan ya fi komai ci masa rai.

Ya ɗauki alkawari a zuciyarsa cewa wasan washegarin Kirsimeti shi ne na ƙarshe, daga shi zai jefa makirfon a kogi. A ranar, jama'a ta wuce misali. Da la'asar, mawaƙin da ya ɗauko daga nesa bai iso ba, mutane suka matsa, zana ta faɗi, aka fara ture-ture da tattake juna. Ishaya na kan dandamali, makirfo a kunne a hannunsa, babu wanda ya yi magana a ciki tukuna. Sai ga Keziah ta hauro babu ɗankwali.

"Leah ta kuɓuce mini. Za su tattake ta. Yi cigiya, Baban Leah, kira ta!"

Ya ɗaga makirfon ya kai bakinsa. Sunan 'yarsa kawai zai faɗa. Ya tuna Lukuman, ya tuna kawunsa yana nuna maƙogwaro da yatsa, leɓɓansa suka ƙi buɗewa. Keziah na kallonsa, ba ta gane abin da take gani ba. Sai ya miƙa mata, ya raɗa a gefe don kada muryarsa ta shiga, "Ke kira ta, ta fi sanin muryarki."

Ta karɓa ta kira. "Leah, ɗiyata, Mama ce. Tsaya inda kike, ɗaga hannu." Muryar ta cika filin, ture-turen ya tsaya cak. Wani soja ya ɗago yarinyar sama, aka riƙa miƙo ta hannu zuwa hannu har dandamali, jama'a na tafi. Ishaya ya gane tafin. Shi ne wanda ya ji a cikin tulu.

Kafin sabuwar shekara muryar Keziah ta fara dishewa. Ya durƙusa gabanta ya faɗa mata komai yana kuka. Ba ta zage shi ba. Ta daɗe tana kallon hannunsa na dama, sannan da ɗan abin da ya rage mata na murya ta ce, "A hannunka yake fa, Baban Leah." Maganarta ta ƙarshe ke nan a duniya.

Ya koma Sakaba a guje, ya faɗi gaban tsohon. "Baba, ka ɗauki tawa ka mayar mata da tata."

"Taka? An tambaye ka ita ran nan, ka hana. Yanzu ba mu so."

Daga cikin tulun, ƙasa-ƙasa, ya ji ana cewa Leah ta tsaya inda take ta ɗaga hannu.

Keziah ta rasu ana shirin Uhola, bikin godiyar girbi na mutanenmu. Matan zumunta suka zo yi mata waƙar rakiya, aka rasa mai bayarwa, suka tsaya suna kuka kawai. Danginta suka ɗauki Leah suka tafi. Ishaya ya rage shi kaɗai a gidan, ya ce kullum da la'asar lasifikan da ke shago sukan kira Leah, ba wuta ba waya. Ya zuba musu fetur ya ƙyasta ashana, wutar ta haɗa da shago da gida da mota. Da makirfon kaɗai ya fito.

Ku masu neman a san ku ko ta halin ƙaƙa, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce zai ba ku arziki ba da guminku ba, a cikin gidanku zai ɗauki ladansa, kuma da hannunku za ku miƙa masa. Kwaɗayi bai taɓa tsayawa a kan baƙo ba.

Leah ta girma, takan zo kasuwar Zuru da ƙanwar mahaifiyarta sayen kayan miya. Na taɓa ganin ranar da ya hango ta. Ya gyara tsayuwa, ya kai makirfon bakinsa, ya kira sunanta da ƙarfi, sau ɗaya, sau biyu, har muryarsa ta fashe. Kowa a layin ya waiga, ban da ita.