Filin Da Aka Rubuta Babu Kowa

Magariba ta kawo jiki a Dorayi, a shekarar da kwamfuta ta fara shiga ofishin su Uwaisu. Matarsa Mairama na tankaɗe a tsakar gida, 'yarsu Atika na wanke kwanuka a bakin rijiya, shi kuwa maigidan yana kan tabarma yana cika baki. Wai duk ofishinsu na Bompai babu safiyo, wato mai awon fili, da ya kama ƙafarsa. Wai shi kaɗai ya kwashe taswirar Challawa daga takarda ya ɗura wa inji cikin sati uku.

Bai rufe baki ba wani abu ya faɗo a kan kwanon ɗaki, dim! Kaji suka watse. Abin ya gangaro a hankali ya dire a gabansa. Turken siminti ne, irin wanda masu awo ke binnewa a kusurwar fili, da lamba a kansa, da ɗanyar ƙasa a gindi. Uwaisu ya san lambar. Shi da kansa ya sa aka kafa shi a Challawa, can bayan kamfanonin jima.

Ya fita da sanda yana zagin 'yan unguwa har kakanninsu. Lungu shiru, ko akuya babu.

Washegari da magariba turke na biyu ya faɗo. Rana ta uku, na uku. Rana ta huɗu kuwa, da ƙarar ta lafa, sai suka ga Atika ta saki kwano ta zauna daram a ƙasa, ta miƙe ƙafafu kamar tsohuwa. Ta soma jero lambobi da wata murya mai kaushi, dogaye, ba ta tuntuɓe, yarinyar da ko lissafin aji uku sai an yi mata da bulala. Uwaisu ya saurara, ya gane su. Lambobin kusurwoyin fili ɗaya ne.

Ga yadda abin yake. Tsoffin safiyo suna da wata al'ada: in sun iske wurin da mutanen ƙauye suka ce akwai masu shi, wato aljanu, ba sa rubuta komai, sai su zagaye shi da jan biro, masu jan sarƙar awo su kewaye. Shi kuwa fayil ɗin injin bai san jan biro ba. Kowane fili layi ɗaya ne: lambobin kusurwa, sai irin wurin, sai sunan mai shi. Iri kuma huɗu ne kacal: titi, ruwa, gini, ko babu kowa. Ranar da Ishaya, mai buga wa injin bayanai, ya nuna masa jan zagayen da ke kan wannan fili na Challawa ya ce, "Oga, wannan jan fa?" Uwaisu ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Ƙauyanci ne. Sa babu kowa." Inji ya ce babu kowa, aka ba wani kamfanin jima filin, katafila za ta shiga ranar Litinin.

Mairama ta ja mayafi ta ɗauko Malam Gwadabe daga masallaci ana idar da salla. Dattijon ya zauna gaban yarinyar, ya daɗe yana karatu yana tofi. Gidan ya yi tsit, duhu yana sauka a kan katanga. Can ya ce, "Ke wace ce, kika shiga jikin 'yar mutane ba sallama?"

Muryar ta ce, "Ni? Ai ni babu kowa ce. Tambayi mai dogon bakin can."

Uwaisu ya zabura. "Allah gafarta Malam, ku gaya mata ba ni na ƙera injin ba!"

"Rufe mana baki!" in ji muryar, har ƙofar langa-langa ta girgiza. "Turawa sun auna, sun kewaye ni. 'Yan N.A. sun auna, sun kewaye ni. Sai kai, ɗan jiya, da yatsa ɗaya ka share ni da jikokina. To ka share tawa zuriya, na riƙe taka."

Malam Gwadabe ya ce, "Ki ji tsoron Allah. Yarinya ba ta auna fili ba. Ba kuma za a yanka miki ko kaza a gidan nan ba. Faɗi haƙƙinki, in haƙƙi ne a biya."

"A mayar da ni cikin akwatin nan nasu kafin Litinin."

Uwaisu ya share gumi, ya ce cikin fushi, "To sai in rubuta ruwa."

"Don su sako mini ruwan jima a ka?"

"Titi fa?"

"Tirela ta bi ta kan 'ya'yana? Kai dai ba ka da kunya."

"Saura gini. Shi kuma inji ba ya karɓa sai da sunan mai shi. Faɗi sunanki."

Dariyar da ta fito daga bakin Atika ta sa Mairama toshe kunne. "In ba ka sunana ku kulle ni da shi a cikin ƙarfe? Malaminka ma bai samu ba. Sa naka."

Uwaisu ya miƙe tsaye. "Nawa? Safiyo ya rubuta wa kansa fili? Korata za a yi, a kira ni ɓarawo! Shekara goma sha tara ina aikin nan!"

Mairama ta juyo kansa, idonta jawur. "A kore ka mana, Baban Atika! Dubi 'yarka! Kwana huɗu ina kwashe siminti a gidana saboda girman kanka. Wallahi in ba ka sa ba, ni zan je Bompai in sa!"

Ya dubi matarsa, ya dubi yarinyar da leɓenta ya bushe. Ya koma ya zauna. Da ƙyar ya ce, "Zan sa."

Malam ya sa muryar ta rantse ba za ta dawo ba muddin layin yana nan. Ta rantse tana tsaki. Atika ta yi atishawa sau uku, ta kife a cinyar uwarta, ta farka tana neman ruwa.

Da safe Ishaya ya buga layin yana girgiza kai, aka aika wa hukumar filaye kwafin faifan da sa hannun Uwaisu. Katafila ta zo Litinin ta koma, don takarda ta ce akwai gini. Ranar Laraba manaja ya kira shi, ya buga tebur har biro ya faɗi.

"Wane gini? Na je da ƙafata, ciyawa ce da tsohuwar rijiya! Kai ka sa hannu, kai kaɗai za ka iya janyewa. Janye yanzu ka koma teburinka, in manta."

Ya turo masa takardar. Uwaisu ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, haƙoransa a cije. Sannan ya zaro makullin ofis daga aljihu ya ɗora a kanta.

"Ranka ya daɗe, akwai mutane a ciki," ya ce, ya fita.